Shad Thames: Yadda Rumbunan Ajiyar Landan Suka Koma Gidajen Attajirai

Wannan ƙanƙanin titi da kuke gani, wanda dogayen gine-ginen bulo suka saka a tsakiya, sunansa Shad Thames, kuma yana kudancin kogin Tems ne a birnin Landan, dab da gadar Tower. Ku ɗaga ido sama, za ku ga gadojin ƙarfe sun ratsa titin hawa bisa hawa. A kansu ne 'yan dako suke mirgina ganguna da tura buhuna daga sito na bakin ruwa zuwa na bayansa, ba tare da sun sauko ƙasa ba. A yau wasu daga cikinsu barandar masu gida ce, an jera musu tukwanen furanni.

Babban ginin da ke nan shi ne Butler's Wharf, wanda aka kammala a 1873, kuma a zamaninsa babu rukunin rumbunan ajiya da ya kai shi girma a gaɓar kogin. Ganyen shayi da gahawa da hatsi da kayan yaji daga ƙasashen da Ingila take mulka ko take ciniki da su, duk a nan ake sauke su. Shi ya sa har yanzu ake kiran wasu gine-ginen da sunayen kayan ƙamshi irin su kirfa, kuma waɗanda suka fara tarewa bayan gyara sun riƙa cewa ƙamshin yana nan a jikin bulo.

Kwantena ce ta kashe unguwar. Da manyan jiragen ruwa suka koma sauke kaya a Tilbury da Felixstowe, inda ruwa yake da zurfi kuma fili yake da yalwa, sai aiki ya ƙare a nan, aka rufe Butler's Wharf a 1972. Daga nan masu zane da masu shirya fim, ciki har da Derek Jarman da Andrew Logan, suka kama hayar benayen a kan kuɗi kaɗan, suka zauna cikin sanyi da yoyo, domin sun sami abin da ba sa samu a ko'ina: sarari. Su ne suka fara nuna cewa ɗan Adam zai iya rayuwa a inda aka gina domin buhu, amma bayan gobarar 1979 an sallame su, kuma ba su ci moriyar abin da ya biyo baya ba.

Abin da ya biyo baya kuwa shi ne kuɗi. A 1981 gwamnati ta kafa hukumar farfaɗo da tsofaffin tashoshin jiragen Landan, sannan Terence Conran, mai tsara kayan ɗaki kuma ɗan kasuwa, da abokan jarinsa suka shiga gyaran Butler's Wharf. Conran ya buɗe gidan tarihin ƙere-ƙere na Design Museum a 1989, ya kuma buɗe gidajen cin abinci, har firaministan Birtaniya na lokacin Tony Blair ya kai shugaban Amurka Bill Clinton ɗaya daga cikinsu a 1997.

Yanzu mu shiga ɗaya daga cikin gidajen Butler's Wharf. Bangon nan ba a shafe shi da siminti ba, da gangan aka bar bulon a fili. Ginshiƙan ƙarfe suna tsaye a tsakiyar falo, manyan katakai suna riƙe da rufi, kicin da wurin cin abinci da wurin zama duk a sarari ɗaya suke. Wannan doguwar ƙofa mai kallon kogi, ta nan ne ake jawo kaya da igiya daga cikin jirgi, kuma ita ce abin da ya fi ƙara wa gidan tsada a yau. Duk abin da dillali yake yabawa a nan an yi shi ne domin ɗaukar nauyi, kuma a ganina wannan ne sirrin kyan wurin, tunda maginan ba su yi ƙwauron kaya ba. Gidaje da dama a nan sun haura fam miliyan ɗaya, masu fuskantar ruwa kuwa sun ninka haka.

Sai dai zama a ginin tarihi yana da ɗawainiya. Doka ta ba ginin kariya, don haka mai gida ba zai sauya taga ko ya taɓa ginshiƙi ba sai da izinin ƙaramar hukuma. Tagogin da yawa ƙanana ne, domin shayi da yaji ba sa son hasken rana, saboda haka ɗakunan da ke kallon titi sukan yi duhu ko da tsakar rana. Akasarin gidajen kuma hayar dogon zango ake saya, wato mutum ya mallaki zama na shekaru masu yawa amma ginin ba nasa ba ne, kuma duk shekara zai biya kuɗin mai gadi da lif da gyaran rufi.

Tafiyar 'yan mintuna daga nan, a cikin unguwar Bermondsey, akwai rukunin gidajen da ƙaramar hukumar Southwark take bai wa masu ƙaramin ƙarfi haya, kuma a irin waɗannan gidaje ne iyalan 'yan dakon da suka yi aiki a bakin kogin suka zauna. Dubban iyalai ne suke jerin jiran samun gida daga hukumar, wasunsu shekara da shekaru.