Amsoshin Tambayoyinku: Da Gaske Ne Ana Yawo da Gawar Fir'auna Ƙasa-Ƙasa?

Masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wannan makon wasiƙun da suka fi yawa duk Masar suka nufa, don haka can za mu yada zango.

Ta farko daga wani malamin makarantar allo ce a Gusau. Ya ce: “Na ga hoton bidiyo a Facebook, Turawa sun yi dogon layi wai za su kalli Fir'auna a Faransa. Shin gawarsa aka ɗauko daga Masar ake yawo da ita? Kuma shi ne Fir'aunan zamanin Annabi Musa, alaihissalam?”

To Malam, Allah ya gafarta, layin nan gaskiya ne, ni kaina na tsaya a cikinsa a birnin Paris a 2023. Baje kolin kayan tarihi ne na sarki Ramsis na Biyu da zinaren Fir'aunoni, kaya wajen 180 da gwamnatin Masar ta ba da aro. An fara shi a Houston ta Amurka a 2021, ya wuce San Francisco, ya zo Paris, daga nan ya nufi Sydney ta Ostireliya, sannan Kolon ta Jamus, sannan Tokyo. Amma babu gawar Ramsis a ciki. Akwatin gawarsa aka kawo, kuma babu kowa a cikinsa. Ita gawar tana Alƙahira, a gidan adana kayan tarihi na unguwar Fusɗaɗ, inda aka mayar da ita a watan Afrilun 2021 cikin wani gagarumin jerin gwano na gawawwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4. Ta taɓa zuwa Paris kam, a 1976, lokacin da aka ga funfuna na cin ta aka kai ta magani, aka kuma tarbe ta a filin jirgi da faretin sojoji kamar shugaban ƙasa mai rai.

Akwatin nan shi ya fi tsayar da ni. Wanda ya shiga yana jiran ƙyalƙyalin zinare zai ɗan yi sanyi, domin katako ne na itacen al'ul, an sassaƙa fuskar mutum a kai, hannuwa a harɗe bisa ƙirji, ɗaya riƙe da sandar kiwo mai lanƙwasa, ɗaya da bulala. Idan ka matso kusa da gilashin sai ka ga rubutu da baƙar tawada a jikin murfin. Ba addu'a ba ce. Bayanin ma'aikata ne, irin na mai ajiyar kaya, cewa an ɗauke sarki daga wuri kaza an kai shi wuri kaza. Ɓarayin kabari ne suka addabi Kwarin Sarakuna, wato maƙabartar Fir'aunoni, sai malaman addininsu suka riƙa kwashe gawawwakin suna ɓoyewa, har suka tara su a wani rami a Dairul Bahari kusa da Luksor. A nan aka same shi a 1881. Ke nan zancen da ake yaɗawa cewa a bakin Bahar Maliya aka tsinci gawar ba haka yake ba.

Sai rabin tambayar na biyu, wanda na san shi ne ya sa Malam ɗaukar alƙalami. Alƙur'ani bai ambaci sunan Fir'aunan Annabi Musa ba, kuma kalmar Fir'auna laƙabin sarauta ce, kamar a ce Sarki ko Shehu, ɗaruruwan mutane sun riƙe ta. Aya ta 92 a Suratu Yunus ta ce za a tsirar da jikinsa ya zama aya ga na baya, shi ya sa mutane ke ɗokin nuna wata gawa su ce ga shi nan. Wasu masana sun karkata ga Ramsis na Biyu, wanda ya yi shekara 66 a kan mulki, daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa. Wasu kuma sun ce ɗansa ne Marnafta, wanda a kan wani dutse na zamaninsa aka fara ganin sunan Isra'ila a rubuce. Duka biyun hasashe ne. Abin da likitoci suka gani a jikin Ramsis shi ne tsoho tukuf mai shekara wajen 90, da ciwon gaɓɓai da ruɓaɓɓun haƙora. Ni dai ba zan nuna wa ɗalibi hoto in ce masa wannan ne ba.

Wata malamar asibiti daga Damagaram ta ce: “Kayan nan na asali ne ko kwaikwayo? Kuma da me suka shafe gawa har ta shekara dubu uku ba ta ruɓe ba?”

Malama, na asali ne, shi ya sa ɗakunan suke da duhu-duhu da sanyi, don haske da raɓa na lalata katako da fenti. Akwai wasu nune-nunen da ke yawo da kwafi zalla, musamman na kabarin Fir'auna Tutankamun, don haka a riƙa karanta takardar talla kafin a sayi tikiti. Maganin ruɓa kuwa yana cikin madafinki. Kanwa ce. Irin tasu daga wani kwari ake haƙo ta mai suna Wadin Naɗrun, amma dangin wadda fatake ke kawowa daga ƙasar Manga ce. Sai a cire kayan ciki, a bar zuciya, a binne jikin cikin kanwa kwana 40 har ya bushe ƙayau, sannan a shafe shi da ƙaro da mai, a naɗe da lilin. Aikin gaba ɗaya kwana 70. Kuma ba mutane kaɗai ba, a baje kolin nan na ga kyanwoyi a naɗe tsaf, an zana musu ido da kunne. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne akwatin gawar sarki Sheshonk na Biyu, na azurfa, mai kan shaho, wanda Bafaranshe Pierre Montet ya tono a Tanis a 1939. Yaƙin duniya na biyu ya danne labarin gano shi, shi ya sa ba a san shi kamar Tutankamun ba.

Daga Kumasi wani ɗan kasuwa ya ce: “Masar ba ta tsoron a hana ta kayanta? Ai mun ga yadda aka yi da na masarautar Benin da Turawa suka kwashe.”

Alhaji, tsoronka na da tushe. Dutsen Rosetta, mai ɗauke da rubutun tsohuwar Masar, yana Landan tun 1802, sassaƙen kan sarauniya Nafartiti yana Balin, kuma Masarawa sun daɗe suna neman a dawo da su. Amma waɗancan fita suka yi a zamanin da baƙi ke da ƙarfi a ƙasar. Waɗannan kuwa haya ce, da yarjejeniya da inshora, kuma jami'an Masar na rakiyar kayan duk inda aka sauke su. Dalilin bayarwar kuɗi ne da tallar yawon buɗe ido. Baje kolin Tutankamun na Paris a 2019 ya ja mutum sama da miliyan 1.4. Ba yau aka fara ba: kuɗin da aka tara a nune-nunen Paris na 1967 da na Landan na 1972 sun shiga asusun ceto gine-ginen yankin Nubiya na kudancin Masar da ruwan madatsar Aswan ke shirin haɗiyewa. A aikin nan ne aka yayyanka haikalin Abu Simbel, wanda shi Ramsis ɗin ya gina, aka ɗaga shi mita 65 zuwa sama tsakanin 1964 da 1968. Sai dai a faɗi gaskiya, biranen masu kuɗi kaɗai kayan ke zagayawa. Ɗan Afirka da ke son ganin tarihin nahiyarsa, Alƙahira ta fi masa kusa da sauƙin biza.

Wata ɗaliba daga Garwa ta tambaya ko gaskiya ne duk wanda ya taɓa kayan Fir'auna mutuwa yake yi. 'Yata, labarin ya samo asali ne daga mutuwar Lord Carnarvon, attajirin da ya ɗauki nauyin tonon kabarin Tutankamun. Ya rasu a Afrilun 1923, wata biyar bayan gano kabarin, sanadin cizon sauro da ya yanke da reza ya zama gyambo. Shi kuwa Howard Carter da ya buɗe ƙofar da hannunsa, ya yi shekaru yana kwashe kayan ɗaya bayan ɗaya, sai 1939 ya mutu.

Ta kuma tambaya ko za a fita yawo da fuskar zinaren nan ta Tutankamun mai nauyin kilo 10. Wannan kam ta daina fita tun farkon shekarun 1980. Tana sabon babban gidan tarihi da aka buɗe a hukumance ranar 1 ga Nuwamban 2025 kusa da dalar Giza, tare da sauran kayan kabarin sama da 5,000.

Lokaci ya ƙure mana. Mai tambaya kan sarakunan Kush na Sudan da suka mulki Masar, ka yi haƙuri, wasiƙarka ce ta farko a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.