Daga allo zuwa gawo: lacca a kan zanen Ibrahim El-Salahi

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku na zo da su a kan Ibrahim El-Salahi, mai zanen nan na Sudan, in shugaban zama ya bar ni.

Na farko, allo. A Omdurman aka haife shi a 1930, mahaifinsa malami ne mai koyar da Alƙur'ani, don haka da tawada da alƙalami ya buɗe ido. A 1954 ya tafi Landan, makarantar zane ta Slade, ya koyo zanen Turawa tsaf, ya dawo gida a 1957 ya baje kolin ayyukansa. Mutanen garinsa ko a jikinsu. Sai ya duba, to me suke ratayewa a bangon ɗakunansu? Rubutu. Ya koma wa harafi, yana jan alu, yana buɗe cikin mim, har fuska ta leƙo, jinjirin wata ya fito. A farkon shekarun 1960 har Ibadan aka kai zanensa, a Mbari, ƙungiyar marubuta da masu zane.

Na biyu, kuma ku yi haƙuri, nan zan daɗe. A 1975, zamanin shugaban Sudan Ja'afar Numairi, yana babban jami'in al'adu a gwamnati, aka zarge shi da hannu a yunƙurin juyin mulki. Aka kai shi gidan yarin Kober, wata shida, ba kotu ba alƙali. Ba a yarda fursuna ya riƙe takarda ba. To mai zane ya zai yi? Takardar buhun siminti yake yagowa, ƙanana ƙanana, ga ɗan guntun fensir, ya zana, in ya ji motsin gandiroba ya binne a yashi. Ku dubi tafin hannuna, ba ta kai haka ba. A yashi fa! Mutumin da ya yi karatu a Landan.

Abin da nake so ku riƙe, da ya fito bai yar da wannan dabara ba. Sai ya fara da 'yar takarda guda, kamar ƙwayar iri, in zanen ya kai baki ya ɗauko wata ya jona, ya sake jona wata. Shi kansa bai san inda hoton zai tsaya ba. Yawancin masu zane sai sun auna allon sannan su cika shi. Shi kuwa zanen ke faɗa masa girman allon. Akwai aikinsa na 1984 zuwa 1985, falle tara, baƙi da fari, jama'a sun yunƙuro da hannaye a sama. Falle tara, kowanne zai iya zama shi kaɗai a bango. Wannan ba daga Slade ya samo ba, Kober ce ta koya masa. Ban ce a kai ɗalibanmu can ba, Malam, kada ka rubuta. [dariya]

Na huɗu... au, na uku ne? An miƙo mini takarda, saura minti biyu. A gurguje: ya zauna Qatar shekaru, ya koma Oxford a 1998, a 2013 Tate Modern, ma'ajiyar zane-zane ta Landan, ta baje aikin rayuwarsa, shi ne ɗan Afirka na farko da ta yi wa haka. Da tsufa ya zo da ciwon baya, kwalin maganinsa ya mayar takardar zane.

[Wata daga cikin masu sauraro: Malam, wannan bishiyar da ke bayanka fa?]

Allah ya yi miki albarka, Hajiya, da na manta! A Sudan haraz suke ce mata. Gawo ne. Damina ta sauka kowace bishiya ta yi kore, shi ya kakkaɓe ganye. Rani ya yi, shi ke da inuwa. Can cewa suke ya yi faɗa da ruwan sama. Ya yi ta zana shi, har ya daina kama da bishiya, ya koma layuka miƙaƙƙu, wasu tsaye wasu kwance. Matso kusa ki gani, wannan layin na tsakiya shi ne gangar jikin. Shugaba, minti ɗaya tak, a kunna mana hoto na gaba.