Daga Munich Zuwa Venis: Inda Za Mu Hau Jirgin Ƙasa Da Inda Za Mu Ɗauki Motar Haya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba fita za mu yi ba, zama za mu yi a kan teburin nan in nuna muku yadda ni da iyalina muka tsara hutun bazara daga nan Munich ta ƙasar Jamus zuwa arewacin Italiya, domin da yawa daga cikinku mazauna Turai kun sha tambayata ko mota ta fi ko jirgin ƙasa. Amsar da na tsaya a kanta ita ce, jirgin ƙasa ne zai tsallaka da mu kowace iyaka, ita kuwa motar haya a cikin ƙasa ɗaya za mu ɗauke ta, a nan kuma za mu mayar da ita.

Dalili na farko shi ne kuɗi. Duk kamfanin da ya ba ka mota a Munich ka ce masa a Verona ta Italiya za ka ajiye ta, sai ya ɗora maka kuɗin dawo da ita gida, kuma sau da yawa wannan ƙarin kan kusan kamo kuɗin hayar kanta, wani lokaci ma ya wuce shi. Idan kuma ka ce za ka tafi da ita ka dawo da ita, to kwanakin da za ka yi a cikin birane tana ajiye kana biyan haya kana biyan wurin ajiya, alhali ba ta tsinana maka komai.

Sannan akwai hanyar kanta. Daga nan zuwa Italiya sai an ratsa Ostiriya, wadda ba a hawa manyan titunanta sai da shaidar biyan kuɗin hanya, ko dai wadda ake liƙawa a gilashin gaba ko wadda ake saya ta intanet da lambar mota. Wannan shaidar ma ba ta ɗauke wa mutum kuɗin titin Brenner ba, shi daban ake biyansa, kuma da zarar an gangara Italiya sai a karɓi tikiti a ƙofar shiga babban titi a biya a ƙofar fita gwargwadon nisan da aka ci. Ga shi kuma tun farkon 2025 aka taƙaita zirga-zirga a kan gadar Lueg da ke wannan titin saboda aikin sabunta ta, abin da ke jawo cunkoso a lokacin hutu. Suwizalan dai na cire ta daga lissafin gaba ɗaya, tunda shaidarta ta shekara guda ce kawai, faran 40, ko da wuni ɗaya mutum zai yi a can.

Ku dubi wannan layin da na ja da jan biro a kan taswira. Jirgi yana tashi daga babbar tashar Munich, ya bi ta Kufstein da Innsbruck, ya haura mashigar Brenner mai tsayin mita 1,370, ya sauka Bolzano ta Italiya cikin kimanin awa huɗu ba tare da an sauya jirgi ba. Yara na iya tashi su miƙe ƙafa, uwargida ta buɗe kular abinci, ni kuma in kalli duwatsu da idona biyu maimakon in zura wa bayan tirela ido. Sai dai ina jan hankalin duk mai fasfon Najeriya ko Nijar irina da kada ya ce ai yankin Schengen ne, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakoki, ya bar takardu a gida. Jamus na binciken matafiya a iyakarta da Ostiriya tun 2015, 'yan sanda kan shigo cikin jirgi, kuma katin izinin zama ba ya wadatarwa shi kaɗai sai an haɗa shi da fasfo mai sauran wa'adi, na babba da na yaro.

A Bolzano ne motar za ta yi ranarta. Yankin yana ƙarƙashin Ostiriya har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa har yau Jamusanci ya fi yawa a bakin mutanen ƙauyukansa, wanda hakan sauƙi ne gare mu. Duwatsun Dolomiti da muke son gani, wato kwarin Gardena da mashigar Sella da tafkin Braies, akwai motocin safa da ke zuwa, amma mai ƙananan yara da ke son ya tsaya inda ya ga dama, ya yi sallarsa a gefen ciyawa, ya koma masauki idan yaro ya gaji, mota ce ta dace da shi. Duk da haka ba ko'ina take shiga ba. Hanyar Alpe di Siusi a rufe take ga motocin baƙi daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma a lokacin yawon buɗe ido, hanyar Braies kuma a tsakiyar bazara sai wanda ya kama wuri tun da wuri.

Ga takardar sharuɗɗan haya nan a hannuna, kuma layukan da na yi wa alama su ne suka fi muhimmanci. Kuɗin jingina a kan katin bashi na direban ake riƙe shi, kamfanoni da yawa kuma ba sa karɓar katin cire kuɗi na yau da kullum. Lasin Jamus yana aiki a Italiya kai tsaye, amma mai lasin gida Najeriya ko Nijar yana bukatar lasin ƙasa da ƙasa a haɗe da shi, kuma wanda ya wuce wata shida da zama a Jamus lasinsa na gida ya daina aiki a nan. Yawancin motocin masu araha giyar hannu ce da su, don haka mai son otomatik ya nema tun da wuri. Kujerar yara kuwa wajibi ce ga duk yaron da bai kai santimita 150 ba, kuma da yake hayarta kullum ake lissafawa, tamu za mu ɗauko a jirgi. Kafin in tayar da motar zan zagaya ta da waya ina ɗaukar bidiyon kowane ƙarzane da kowace taya da ma'aunin mai.

Abin da na fi tsoro a Italiya shi ne wani farin allo mai jan zobe da aka rubuta ZTL a kansa, wanda ke nuna unguwar da aka hana motocin baƙi shiga. Babu shinge babu ɗan sanda, kyamara ce kawai ke ɗaukar lamba, sai bayan watanni takardar tara ta iso, kamfanin haya kuma ya cire nasa ladan na miƙa sunanka. Tsohon garin Verona yana da irin wannan, saboda haka a Verona za mu mayar da motar kafin mu shiga gari, tunda ajiye ta a wani birni cikin ƙasa ɗaya ƙarin da ake yi bai taka kara ya karya ba.

Daga Verona zuwa tashar Santa Lucia ta Venis awa ɗaya da 'yan mintuna ne a jirgi mai sauri, kuma Venis gari ne da mota ba ta wuce dandalin Piazzale Roma da ke bakin garin. Tun 2024 ana karɓar kuɗin shiga daga masu zuwa su koma a rana ɗaya a wasu ranaku, amma mu da za mu kwana ba za mu biya ba. Dawowa kuma akwai jirgin da ke zuwa Munich kai tsaye ta Brenner ɗin dai. Tikitin jirgi na fara saya saboda farashinsa hawa yake yi idan lokaci ya matso, na kama mana kujeru a wuri ɗaya, sannan na nemi motar da za a iya sokewa kyauta. Masaukin Gardena ne ya rage, kuma mai ɗakin girki muke nema, domin naman halal a ƙauyukan duwatsu sai an tona.