Me Ya Hana Jininmu Yin Tsatsa? Laccar da Aka Yi a Jidda

Wani malami Bakano, mai koyar da ilimin sinadaran jiki a wata jami'a a Jidda, shi ya gabatar da wannan lacca ga ɗalibai da 'yan uwa Hausawa mazauna garin, daren wata Alhamis bayan Isha'i. Daga faifan murya aka kwafo ta, an rage gaishe-gaishe.

Iyayenmu da ke gaba, malamai, ƙannena ɗalibai, sannunku da fitowa.

Duk wanda ya zauna a Jidda ya san abin da iskar Bahar Maliya ke yi wa ƙarfe. Ka sa sabuwar ƙofa bana, baɗi war haka tsatsa ta fara cin gindinta. Ita tsatsa, ƙarfe ne da iskar oksijin suka haɗu a wuri mai danshi, haɗuwar da babu rabuwa. To kowane babba a ɗakin nan yana ɗauke da ƙarfe giram 3 zuwa 4, nauyin 'yar ƙusa, kusan kashi biyu cikin uku yana cikin jini, dare da rana cikin ruwa, cikin oksijin. Me ya hana mu tsatsa? (Dariya.) Alhaji na baya ya ce shi kam gwiwoyinsa sun yi. Allah ya ƙara lafiya, Alhaji, wannan ba fannina ba ne.

Ƙarfen yana zaune ne cikin wani furotin, himogulobin. Sarƙa huɗu ce a dunƙule, biyu masu ɗigon amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 141, biyu masu 146. Kowace sarƙa ta rungume wani zobe mai faɗi kamar faifai, a tsakiyarsa ƙwayar ƙarfe ɗaya tal. Ku ɗauka ƙarfen nan hannu shida gare shi. Huɗu zoben ya riƙe, na biyar furotin ya riƙe ta ƙasa, na shida aka bar masa ya karɓi oksijin a huhu, ya kai tsoka, ya saki. Riƙon amana ne. Sai dai oksijin makwaɗaici ne, kullum so yake ya fizge wa ƙarfen lantarki guda ya tafi da shi. Ran da ya yi nasara, ƙarfen ya tashi daga mataki na 2 zuwa na 3, ba zai ƙara ɗaukar iska ba, launinsa ya koma ƙasa-ƙasa.

Kun sha gani wurin mahauci. Sabon yanka, naman ja ne mai duhu. Ya sha iska kaɗan, ya yi jawur. Ya kwana a kan tebur, ya dafe. Aikin mayogulobin ke nan, ƙanin himogulobin da ke cikin tsoka. A jikin mai rai ma hakan na faruwa kullum, amma cikin jar ƙwayar jini akwai masu gyara da ke mayar da ƙarfen yadda yake, shi ya sa lalataccen ba ya wuce kamar kashi 1 cikin 100.

A Kambirij ta Ingila aka fara ganin siffar waɗannan abubuwa. John Kendrew ya fitar da ta mayogulobin a 1958, daga naman babbar dabbar tekun nan da Larabawa ke kira hut. Abokin aikinsa Max Perutz ya shafe sama da shekara ashirin a kan himogulobin, aka ba su kyautar Nobel tare a 1962. Amma ganin kwaɗo a jikin ƙofa bai sa ka san wane haƙorin makulli ke buɗe shi. Sai ka iya cire haƙori ɗaya ka gwada. Wannan damar ta zo ne bayan 1973, da Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna ana iya yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa wa bakteriya, ita kuma ta dinga ƙera furotin ɗin kamar nata. Insulin ɗin masu ciwon suga ya shiga kasuwa ta wannan hanya a 1982. A shekarun 1980 ɗin aka sa bakteriyar hanji, ikolai, ta fara ƙera sarƙar himogulobin da mayogulobin.

Bari in gaya muku yadda abin yake a hannu. Da yamma za ka zuba romon abincinta a tulun gilashi, ka ɗiga bakteriyar, ka ɗora a injin da ke jijjiga shi a zafi 37, zafin jikin mutum. Da safe ruwan ya yi kauri kamar farau-farau. Ka sa a injin wulwulawa, komai ya kwanta a gindi. In laka ta fito fara, ka yi asarar dare. In ta fito ja, bakteriyar ta ƙera furotin ɗin ke nan, to ka yi hamdala. Karona na farko ina ɗalibi, ta fito ja, murna ta sa na bar kwalbar a kan benci na tafi masallaci, daga can na wuce ɗaki. Washegari na tarar da ita kamar ruwan shayi. Aikin mako biyu ya yi tsatsa a dare ɗaya, don babu masu gyaran nan a cikin kwalba.

Da wannan dabara aka gano mai gadin ƙofa. Daf da inda oksijin ke zama akwai amino asid ɗaya, histidin, na 64 a sarƙar mayogulobin. Shi ke tallafe oksijin ɗin ya zauna daram. Da aka canza shi da wani, sai furotin ya riƙa lalacewa da wuri, ninki-ba-ninki. Kuma yana taimakawa wajen rage wa ƙarfen son gubar hayaƙi, kabon monoksayid. Zoben tsirararsa ya fi son gubar nan a kan oksijin sau dubbai, a cikin himogulobin abin ya sauko zuwa sau ɗari biyu da ɗoriya. Ɗari biyun ma ta isa kisa. Don haka masu zuwa Tabuka ko Madina da hunturu, da iyayenmu mata masu turaren wuta, don Allah kar a kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Gubar ba ta da wari, barci kawai mutum zai ji.

Daga nan buri ya tashi: a ƙera jini a masana'anta. Jinin da ake bayarwa kwana 42 yake yi a firji, kuma sai rukuni ya dace. Ku tuna matanmu da ke zubar da jini wurin haihuwa a ƙauye, ana neman leda ɗaya. Wani kamfani a jihar Kolorado ta Amurka, Somatogen, ya fito da himogulobin na bakteriya a farkon shekarun 1990. Matsalar farko, in babu ƙwayar jini, dunƙulen yakan rabe biyu ya tsiyaye ta ƙoda ya yi mata illa. Suka ɗinke sarƙa biyu wuri guda, wannan ta kau. Ta biyun ce ta gagara. Bangon jijiya yana fitar da wata iska 'yar kaɗan, naitirik oksayid, ita ke sa jijiya ta saki jiki. Ƙarfen nan kuwa yana cafke ta nan take. A cikin ƙwaya akwai tazara tsakaninsu, a waje babu, sai jijiya ta tsuke, jini ya hau. A 2008 aka tattara gwaje-gwaje 16 na ire-iren jinin roba na kamfanoni daban-daban, aka ga mutuwa ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, kamuwa da ciwon bugun zuciya ya kusa ninka uku. Ni a ganina raini ne ya ja mana. Mun ɗauki jar ƙwayar jini buhu ce kawai, ashe gida ce mai katanga da ma'aikata.

Inda abin ya ci kasuwa kuwa, sai ku yi dariya. Wanda ya taɓa noma ya tuge wake ko gyaɗa, ya ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwa. Fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja ne. Dangin himogulobin ne, yana hana oksijin cutar da bakteriyar da ke yi wa shuka taki. Kamfanin Impossible Foods ya ɗauki na waken suya ya dasa wa yis, tun 2016 yake zuba shi a naman ganye don ya yi ja ya yi ƙamshin nama. An fita neman jinin ceton rai, an dawo da kayan miya.

Wata baiwar Allah ta yi tambaya kan ɗanta mai sikila, ko wannan bincike ya shafe shi.

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ya shafe shi ƙwarai. Shi ƙarfensa lafiya lau yake. Amino asid ɗaya ne, na 6 a sarƙar mai 146, ya sauya, Vernon Ingram ya gano haka a shekarun 1950. Da zarar himogulobin ɗin ya sauke oksijin sai su manne wa juna, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje. Za ki ji an ce na mutanen Ƙaɗif da Ahsa, a gabashin Saudiyya, ya fi sauƙi. Gaskiya ne, su himogulobin na jarirai yana saura da yawa a jininsu, shi ke hana mannewar. Irin namu na Afirka ta Yamma ya fi tsanani, kar ki gwada shi da ɗan maƙwabta. Maganin haidiroksiyuriya wannan na jariran yake ƙarawa, ki tambayi likitansa. In za ku Umra, ya sha ruwa sosai, a guji ɗawafin tsakar rana. In kuma hutu za ku Abha, garin ya haura mita 2,000 a kan dutse, iska ta yi ƙaranci, ki fara shawara da likita kafin ku hau mota.