Darasi: A ina manhajar ajiyar ko-ta-kwana za ta rubuta lissafinta?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kan tambayar da wani ɗalibinmu ya aiko za mu tsaya. Yana rubuta manhajar ajiyar ko-ta-kwana, wato bakof, yana so ya san inda zai riƙa adana bayanan kowane fayil: sunansa, girmansa, ranar da aka taɓa shi, mai shi, da kwafin da yake ciki. A rumbun bayanai, ko a cikin foldoji kawai?

To, ku ɗauki ɗan kasuwar hatsi. Ko ya rubuta komai a jikin buhu, ko ya riƙe littafi. Rubutun jikin buhu ba ya ɓata sai buhun ya ɓata, amma in aka tambaye shi gero nawa ya shigo ranar Talata, sai ya zaga sito gaba ɗaya. Littafi kuwa nan take zai ba da amsa. In littafin ya ƙone fa?

Mu fara da rubutun jikin buhu, wato barin bayanan a cikin foldoji. Haka manhajar bakof ta rsnapshot take aiki. Ku dubi allona: ga foldar jiya, ga ta yau. Na buga ls -i, umarnin da ke nuna lambar kowane fayil a kan faifai, kun ga lambar wannan fayil ɗaya ce a duka biyun? Fayil guda ne a kan faifai, suna biyu kawai aka ba shi, shi ake kira hadlink. Daɗin abin, ko manhajar ta mutu, kana shiga folda ka kwafe kayanka. Time Machine, bakof ɗin kamfanin Apple, ma da wannan dabara ya fito a 2007.

Amma akwai inda gizo ke saƙa. A ext4, tsarin ajiye fayiloli na Linux, fayil ɗaya ba ya ɗaukar hadlink sama da 65,000. Sannan ranar da ka tashi kwafe wannan ajiya zuwa sabon faifai, za ka sha jira, domin dole a bi kowane suna a gano da wa yake haɗe. Wannan wahala na cikin abin da ya sa wata manhajar bakof, BackupPC, ta daina dogaro da hadlink a fitowarta ta 4.

Yanzu littafi, wato rumbun bayanai. Manhajar bakof ta Bacula tana zuba lissafinta a rumbun bayanai irin su PostgreSQL ko MySQL. Ka ce mata, nuna min duk kwafin fayil kaza na watan jiya, kafin ƙiftawar ido ta kawo. Ni kaina ina son wannan sauri. Sai dai na taɓa ganin ta kaina. Wani ofis da nake kula wa da kwamfutoci, faifan sabarsu ya mutu, kuma rumbun bayanan yana kan wannan faifan. Kwafin yana nan lafiya lau, amma ba mai iya cewa ga inda kaza yake. Sai da muka saki bscan, wani kayan aikin Bacula, ya karanta ajiyar tun daga farko yana sake gina lissafin. Kwana biyu ma'aikata na zaune, ni kuma barci ya ƙaurace min.

Don haka ɗan'uwa, shawarata gare ka: rubuta bayanan a cikin ajiyar kanta, kusa da kayan, kamar yadda manhajar bakof ta restic take yi. Sannan ka ƙara SQLite, wato ƙaramin rumbun bayanai mai zama cikin fayil guda, a gefe don saurin bincike, amma ya zama abin da in ya lalace za a iya sake gina shi daga ajiyar.

Bari mu gwada yanzu. Zan goge fayil ɗin SQLite da gangan a wannan kwamfutar gwaji, mu ga ko hotunan da ke cikin ajiyar za su dawo. Ku matso da idonku kan allo.