Wai duk na'urori za su mutu a 2038? Ku zo mu yi lissafi

[Fuskar waya: saƙon WhatsApp da aka yi ta turawa]

Assalamu alaikum jama'a. Saƙon nan ya iso muku? In bai iso ba ku kwantar da hankalinku, yana tafe, wata gwaggo ce za ta jefo shi a zauren 'yan gida. Wai ranar 19 ga Janairun 2038 duk abin da ke aiki da lantarki zai tsaya cak. Waya, mota, firij, ATM, har jirgin sama. A ƙasan saƙon kuma ga masu martani: "Haka aka ce mana a 2000, me ya faru? Damfara ce kawai."

Masu tsoron da masu dariyar, wuri ɗaya suke yin tuntuɓe. Kafin mu je wurin, bari mu leƙa baya da sauri.

[Tsohon hoto: ɗakin kwamfuta, hannu riƙe da kati mai huji]

Kun ga katin nan? Gurbi 80 gare shi, babu ƙari. A shekarun 1960 wurin ajiya a kwamfuta tsada gare shi, sai masu rubuta manhaja suka riƙa gutsure shekara, 1965 ta koma 65. Kowa ya san akwai 19 a gaba, don me za a ɓata gurbi? Ba su taɓa kawowa manhajar za ta shekara talatin tana aiki ba. Ta yi kuwa. A 1993 wani masani mazaunin Kanada, Peter de Jager, ya ja kunnen duniya a mujallar Computerworld cewa lissafin kwamfutocin nan zai rikice in aka shiga 2000, kafin ka ce me magana ta cika gari.

[Kantuna a Amurka, 1999: janareto, abincin gwangwani, jarkokin ruwa]

Ku kalli sayayya. Babban bankin Amurka sai da ya tanadi ƙarin tsabar kuɗi dala biliyan 50, don gudun kada mutane su yi wa bankuna ca. Gyaran kwamfutoci a ƙasar kaɗai ya ci wajen dala biliyan 100. Shugabar hukumar sufurin jiragen samansu, Jane Garvey, ta hau jirgi da kanta a daren shiga 2000 don mutane su ga ba abin da zai faɗo.

[Wasan wuta a Sidini, Landan, New York]

Dare ya raba. Fitilu na ci, jirage na sauka lafiya, masu buhunan wake suka zauna suna kallon wakensu.

To, a nan za mu rage gudu, don nan ne wurin.

[Hannu yana jan carbi]

Mai jan carbi idan ya kai na 99, ina yake zuwa? Farko yake komawa. Carbin bai tsinke ba, bai kama da wuta ba. Abin da carbin bai sani ba shi ne ko zagaye na nawa ake ciki, wannan yana kan mai ja. Haka kwamfuta mai lamba biyu: daga 99 ta koma 00, ta ci gaba da aikinta hankali kwance. Juyawar lambar kanta ba ta lalata komai. Kafin a samu matsala sai abu biyu sun haɗu. Dole na'urar ta san shekara, kuma dole ta yi lissafi da shekarar ta yanke hukunci a kai.

Mu ɗauki na farko.

[Kicin: firij, agogon bango mai lantarki yana ƙyafta 12:00]

Firjin nan tambaya ɗaya yake yi wa kansa dare da rana: ciki ya yi sanyi ko bai yi ba? Injin wanki minti yake ƙirgawa, ya kai arba'in ya tsaya. Ƙwaƙwalwar injin mota tana auna iska da mai da zafi. Babu ruwansu da ko muna zamanin Sardauna ne ko na jikokinmu. Ku tambayi kanku: na taɓa saita wa abin nan shekara? Yana da wurin da zai samo ta? Agogon can da kuke gani, duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita sai ya koma 12:00 yana ƙyafta ido. Wanda bai riƙe ƙarfe nawa ba, shi ne zai tayar da hankalinsa a kan sabon ƙarni?

A nan masu shakka sun yi gaskiya, kuma tun kafin ranar suka faɗa. Ross Anderson na Jami'ar Kambirij ya bi na'urorin jami'arsu a 1999, ya ce waɗanda za su kawo babbar matsala kaɗan ne, kada a firgita. An yi ta yaɗa cewa lif zai maƙale da mutane, motoci za su ƙi tashi. Yawancin waɗannan ƙananan ƙwaƙwalen na'ura ba su ma san akwai kalanda ba.

Akwai kuma waɗanda sun san shekarar, amma nuna ta kawai suke yi.

[Hoton shafin intanet: Janairu 1, 19100]

Wannan shafin cibiyar sojan ruwan Amurka ne mai kula da agogon ƙasar baki ɗaya. Masu gadin lokaci ke nan, suka wayi gari a shekara ta 19100. An yi dariya, an gyara, ba wanda ya rasa ko sisi.

Yanzu na biyu. Ku dubi allo da kyau.

[Allo: 99 − 60 = 39]

An haifi mutum a 1960, muna 1999. A cire 60 daga 99, saura 39. Daidai.

[Allo: 00 − 60 = −60]

Bayan kwana ɗaya. A cire 60 daga 00. Kwamfuta ta ce shekarunsa 60 ƙasa da sifili, wato sai nan da shekara sittin za a haife shi. Wata manhajar kuma ta yar da alamar, ta ce tsoho ne ɗan 60, a fara shirya masa fansho. Ba ta tsaya ba, ba ta yi ƙara ba. Ta ba da amsa cikin natsuwa, ta miƙa wa manhaja ta gaba, ita ma ta ɗora nata lissafin a kai.

Kuma abin bai jira 2000 ba. A 1992, a jihar Minnesota, an aika wa wata tsohuwa 'yar shekara 104 takardar gayyata zuwa ajin yara 'yan share fage. An haife ta a 88, ana 92, kwamfuta ta ce 'yar shekara huɗu ce. A farkon 2000 kuma wani da ya karɓi hayar kaset ɗin bidiyo a jihar New York ya ga an rubuta masa tarar dala 91,250, wai ya riƙe kaset shekara ɗari.

Waɗannan na ban dariya ne. Wannan da zan faɗa yanzu babu hoton da zan saka muku a kai, sai dai ku saurara.

[Baƙin allo]

A wani asibiti a Sheffield ta Ingila, akwai manhajar da ke auna yiwuwar jaririn da ke ciki ya zo da lalurar Down, wadda ke shafar girman jiki da ƙwaƙwalwar yaro. Shekarun uwa na cikin lissafin. Da aka shiga 2000 manhajar ta fara kuskuren shekarun iyaye mata, ta ci gaba da fitar da sakamako tsaf, a rubuce, kamar kullum. Sai bayan watanni aka farga. Mata 154 aka ba sakamakon da ba daidai ba. An haifi jarirai huɗu da lalurar, alhali an gaya wa iyayensu hatsarin kaɗan ne. Ni a ganina da na'urar nan ta mutu murus a daren farko, da ya fi alheri, don da safe za a kira mai gyara.

Saboda haka mai cewa "ba abin da ya faru" yana neman hayaƙi ne da faɗowar jirgi, irin wannan matsalar kuwa a cikin takardar albashi take ɓuya, da kuɗin ruwan banki, da ranar ƙarewar magani. Nan ne aka zuba yawancin aikin gyaran, shekara da shekaru ana bin tsohuwar manhaja layi-layi.

An yi ɓarnar kuɗi? An yi, sosai ma. Wasu 'yan kwangila sun sha romo. Italiya ta makara wajen shiri, ba ta kashe abin da Amurka ta kashe ba, kuma ta wuce lafiya, wannan hujja ce mai nauyi a hannun masu shakka. Amma ban ga bankin da zai yarda ya zauna ya jira lissafin ajiyar mutane ya rikice sannan ya gyara ba.

[Hotuna da sauri]

Kwanan wata dai bai daina cizo ba. Ƙarshen 2008, na'urar sauraron waƙa ta Zune ta daskare saboda shekarar kwana 366 gare ta. Farkon 2010, katunan banki kusan miliyan 30 suka ƙi aiki a Jamus. Ranar 29 ga Fabrairun 2024, famfunan mai na biya da kanka suka tsaya a New Zealand. Kowanne ya zo, ya ba da haushi, an gyara.

To 2038 fa?

[Allo: lambobi na gudu zuwa 2,147,483,647]

Kwamfutoci da yawa sakan suke ƙirgawa tun daga 1 ga Janairun 1970. Masu tsohon tsari, da ke ajiye ƙirgen a gurbi 32 (kowane gurbi 0 ne ko 1), ba sa iya wuce wannan lambar da kuke gani. Za a kai ta ranar Talata 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT, wato 4:14 a Kano da Damagaram, ko kiran asuba ba a yi ba. Sakan ɗaya bayan nan, na'urar za ta ɗauka ana Disambar 1901.

Ku yi mata tambayoyin nan biyu. Firij ya fita. Janareto ya fita. Wayar hannu ta san kwanan wata, amma sababbi sun koma gurbi 64, iPhone tun 2013, kuma wannan ma'aunin sai bayan shekara kusan biliyan 292 zai cika. Wayar da ke hannunka yanzu ma, tsakani da Allah, za ta ga 2038? Caji ma da ƙyar take kaiwa la'asar.

Inda injiniyoyi ke sa ido shi ne tsofaffin na'urorin da ake kafawa a manta da su shekara ashirin: na masana'antu, na rarraba intanet, da rumbunan bayanai masu lissafin gaba. Su waɗannan ba sa jiran ranar. Tun a Mayun 2006 manhajar AOLserver mai gudanar da shafukan intanet ta rikice, saboda an saita mata wa'adin sakan biliyan ɗaya a gaba, lissafin ya tsallaka 2038. Linux kuwa, babbar manhajar da ke tafiyar da irin waɗannan na'urori da yawa, ya shigar da gyaran na'urori masu gurbi 32 tun 2020, saura masu kayan su sabunta.

[Yatsa na shirin shiga saitin kwanan wata a waya]

Na san wani yanzu zai ce bari ya juya kwanan watan wayarsa ya gani da idonsa. Malam, cire hannunka. A 2016 an yi ta zuga mutane su mayar da iPhone zuwa 1 ga Janairun 1970, waɗanda suka biye wayoyinsu suka ƙi tashi, sai da Apple ya fitar da gyara. In gwajin ya zama dole, a nemo tsohuwar da ke cikin durowa.