Ɗan jiharsu ne amma 'yan Ohio ba su san shi ba, wallahi abin ya ɓata min rai

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar hita, cikin mota nake, sanyin Columbus yau ba na wasa ba ne. Raina a ɓace yake gaskiya kuma ba wai wani ne ya zage ni ba, a kan mutumin da ya mutu tun 1920 ne. Lokacin hutun cin abinci a wajen aiki na tambayi abokan aikina, haifaffun Ohio fa, na ce kun san William Dean Howells? Kowa ya zuba min ido, ɗaya ma cewa ya yi ɗan ƙwallo ne? Haba jama'a! Marubucin da aka haifa a Martins Ferry bakin kogin Ohio a 1837, ya yi aikin jarida a cikin garin nan na Columbus, wanda a zamaninsa in ya yaba littafinka to ka haye, wai sai ni ɗan Funtuwa ne zan zo ina ba su labarinsa.

Ni ma ta hanyar wani na san shi. Na je Dayton ne, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga nan, mai na wajen dala 30 na sha, na shiga gidan Paul Laurence Dunbar da aka mayar wajen tarihi. Dunbar baƙar fata ne, iyayensa sun yi bauta a Kentucky, shi kuma duk da ya gama sakandare aikin da ya samu shi ne tuƙa lifta, yana hawa da mutane yana sauka da su yana tallar littafin waƙoƙinsa a ciki. Ajinsu ɗaya da Orville Wright mai jirgin sama, ku ji wani haɗi. To a 1896 Howells ya rubuta yabon waƙoƙinsa a mujallar Harper's Weekly, shi ke nan duk Amurka ta san sunan yaron. Daga nan na fara bin diddigin wannan Howells ɗin.

Ga littafin nan ku gani, bari in matso da shi, The Rise of Silas Lapham na Howells ɗin, dala 2 na saye shi a gwanjon laburare, takardun duk sun yi ja, ga hatimin laburaren a gefe, wani ma ya ja layi da fensir har shafi na talatin sannan da alama ya gaji. Ina gargaɗinku, in kuka zo ƙasar nan kar ku sayi tsofaffin littattafai sababbi a shago, kuɗinku kawai za ku zubar, ku jira gwanjo.

Abin da ya fi burge ni mutumin nan bai yi wani bokon kirki ba. Babansa mai ɗab'i ne yana buga ƙananan jaridu yana ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, shi kuma tun yana ɗan ƙarami yake tsaye yana jera harufan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu, nan ce makarantarsa, Jamusanci da Sifaniyanci ma shi ya koya wa kansa. A 1860 ya rubuta tarihin Abraham Lincoln na kamfen, Lincoln ya ci zaɓe aka ba shi ƙaramin jakada a Venice ta Italiya yana ɗan shekara 24, wato siyasar uban gida ba a wajenmu aka fara ta ba. Can ya zauna har aka gama yaƙin basasar Amurka. Da ya dawo ya shiga mujallar Atlantic a Boston, daga 1871 zuwa 1881 shi ne babban edita, ɗan ƙauye daga Ohio a tsakiyar masu ji da kansu. Shi ya riƙa buga rubutun marubuci Henry James, shi ya jawo marubuci Mark Twain ciki lokacin da ake masa kallon mai barkwanci kawai, abotarsu ta kai shekara arba'in.

To me Howells yake faɗa a kai? Cewa yake a daina yi wa mutane ƙarya a littafi, a rubuta mutum yadda yake, yadda yake magana, bashinsa, kunyarsa, rigimarsa da matarsa. Silas ɗin nan na 1885 mai sayar da fenti ne, ɗan ƙauyen Vermont da ya yi kuɗi ya dawo Boston yana so manya su karɓe shi, aka gayyace shi liyafa ya sha giya ya yi ta zuba har ya kunyata kansa, gidan da yake ginawa ya ƙone bayan inshora ta ƙare. Sai ga damar ya tsira, ya sayar wa wasu 'yan Ingila wasu injinan niƙa da ya san darajarsu ta faɗi, ya kwana yana safa da marwa a ɗaki, ya ƙi, ya karye ya koma ƙauye. Babu wani attajiri da ya faɗo daga sama ya cece shi.

Akwai wajen da na yi dariya ni kaɗai. 'Ya'yansa mata biyu, kowa ya ɗauka saurayin ƙaramar yake so ashe babbar ce, ita kuma babbar ta dage sai ta haƙura ta bar wa ƙanwarta irin yadda ta karanta a littattafan hawaye, sai wani limamin coci ya ce wannan shirme ne, gara mutum ɗaya ya sha wahala da a ce uku sun sha. Nan take na tuna littattafan soyayyar da yayyena mata ke haya a gida, saurayi kullum ɗan mai kuɗi ga mota ga kyau, budurwa kullum tana kuka tana sadaukarwa. Ban raina su ba fa, da su na koyi karatun Hausa, ina maƙale a bayan ƙofa ana soya ƙosai, kai ƙosan nan ma yanzu da zan samu... bari dai.

Kuma gaskiyar Howells ba a takarda kawai ta tsaya ba. A 1886 aka jefa bam a taron ma'aikata a Haymarket ta Chicago, aka yanke wa mutum takwas hukunci ba tare da an tabbatar da wanda ya jefa ba. Manyan marubutan Amurka kusan duk suka yi gum, shi ya rubuta wa jaridar New York Tribune wasiƙa yana roƙon a yi musu sassauci, jaridu suka yi masa ca. An rataye huɗu a Nuwamban 1887, sai a 1893 gwamnan Illinois ya yafe wa ukun da suka rage a raye ya ce shari'ar ba a yi adalci ba. Mutum mai albashi mai tsoka da suna ya sa kansa a wannan, ni wannan kaɗai ya ishe ni.

Ba wai ba shi da nasa ba. Yana da kunya sosai, maganar gado da ƙazantar rayuwa kewaye su yake yi, shi ya sa marubuci Sinclair Lewis ya yi masa ba'a a jawabinsa na karɓar Nobel a 1930, shekara goma bayan mutuwarsa, wanda ni a ganina rashin kunya ce, don hanyar da Howells ya share ita Lewis ɗin ya bi. Stephen Crane da ya rubuta labarin yarinyar da talauci ya jefa karuwanci a New York, wa ya tsaya masa lokacin da ba mai saye? Howells. Dunbar ne dai nake ganin ƙorafinsa na da tushe, don Howells ya fi yabon waƙoƙinsa na karin maganar baƙaƙen kudu, daga nan editoci suka fi neman irinsu daga wajensa, abin ya dame shi har ya rasu a 1906 yana shekara 33.

Wanda zai nemi littafin nan ina faɗa masa tun yanzu, ba harbi ba gudu, surutu ne a falo da lissafin bashi, Turancin kuma na da ne, kar ka ɗauke shi bayan ka taso daga aikin dare don barci zai kwashe ka. Ku fara da babin liyafar in kun ga dama. Lokacin shiga ya yi, man nan ma ƙonewa yake ina zaune, sai mun haɗu a na gaba in Allah ya kai mu.